Rawanin Liman da Sandar Maigida

Tsakar dare Amina take farkawa, ba agogo, ba mai tashin ta. Shekara ashirin da biyar ke nan tana haka. Ta ɗauki fitila, ta leƙa titi ta ramukan tagar katako, ta kasa kunne har ta ji ƙwanƙwasar sandar mijinta a kan matakala. Sai ta haska masa hanya, ta cire masa takalmi da safa, ta kawo masa ruwa a buta. Shi kuwa daga wurin giya da mawaƙa yake, ita ma ta sani, tana jin warin. Da wannan dare Najib Mahfuz ya buɗe Bainal Ƙasraini, na farko cikin littattafai uku da ya rubuta a kan iyalin Sayyid Ahmad Abdul Jawad, ɗan kasuwa a tsohon birnin Alƙahira. Littafin ya fito a 1956. Fassararsa ta Turanci sai a 1990 ta fito, shekara biyu bayan Mahfuz ya karɓi kyautar Nobel, kuma ta wannan ƙofa ta Turanci ce yawancin 'yan boko na ƙasar Hausa suka shiga gidan Amina.

Akan gabatar da irin waɗannan littattafai da cewa suna magana ne a kan danniyar maza da ikon malaman addini, a ɗaure abubuwan biyu da igiya ɗaya kamar tagwaye. Wanda ya zauna ya karanta su a tsanake zai ga marubutan ba haka suka ɗaure su ba. Sun ɓata shafuka masu yawa suna raba rawani da sanda, suna nuna wane ne ke ba da umarni, wane ne kuma ake kira daga baya ya shafa fatiha.

A duba laifin Amina. Maigidan ya yi tafiyar kwana ɗaya zuwa Fot Sa'id, 'ya'yanta suka zuga ta ta je ta ziyarci masallacin Husaini, wanda ke nan kusa da gida, wanda take hangen hasumiyarsa daga saman soro tun tana amarya ba ta taɓa taka shi ba. Ta fita da ƙaramin ɗanta Kamal. A hanyar dawowa mota ta buge ta, ta karye a kafaɗa, asiri ya tonu. Sayyid Ahmad bai yanke mata hukunci ba har ta warke. Ran da ta miƙe ta kawo masa kofi, ya ce ta tattara ta tafi gidan uwarta. Babu malamin da ya ba shi wannan fatawa. Matar nan masallaci ta je, kuma duk wanda ya ɗan zauna gaban malami ya san akwai hadisin da ya hana a tare mata hanyar masallaci. Dokar da ta karya tasa ce shi kaɗai. Malamin da ke cikin littafin, Shaihu Mutawalli Abdussamad, tsoho mai rubuta laya, yakan zo kantin Sayyid Ahmad ya yi masa faɗa a kan mata da giya. Maigidan ya amsa da raha da hujjoji masu santsi, ya sa yaron kanti ya ɗaure wa malam ɗan ƙunshin kyauta, malam ya yi addu'a ya tafi. Nasiha ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Abin da ya sa littafin ya daɗe bai tsufa ba shi ne Mahfuz bai mai da mutumin dodo ba. A waje Sayyid Ahmad mai fara'a ne, mai kyauta, abokai na rububinsa. Yana sallarsa da zuciya ɗaya, yana kuma saɓonsa da zuciya ɗaya, bai taɓa jin biyun sun yi karo ba. Ran da babban ɗansa Yasin ya leƙa ta ƙofa a gidan mawaƙiya Zubaida ya ga ubansa da bandiri a hannu yana dariya, sai ya ga kamar wani mutum ne daban, don bai taɓa ganin haƙoran uban a gida ba. Misirawa sun gane wannan mutum sarai. Har yau idan namiji ya cika mulki a gidansa sukan kira shi Si Sayyid, laƙabin wannan maigidan.

Daga Sudan labarin ya fi zafi. Mausimul Hijra ilas Shimal na Ɗayyib Salih ya fito a 1966, Denys Johnson-Davies ya fassara shi, kamfanin Heinemann ya buga a 1969 cikin jerin littattafan marubutan Afirka, jerin nan da Chinua Achebe ya yi wa aikin edita, wanda ya cika ɗakunan karatu na makarantun Najeriya. Masu sharhi sun fi ba Mustafa Sa'id muhimmanci, da abin da ya aikata da matan Ingila a Landan, da maganar mulkin mallaka. Amma jinin da ya zuba a ƙauyen bakin Nilu na Husna 'yar Mahmud ne, matar da Mustafa ya bari da 'ya'ya biyu maza. Wad Rayyis, tsoho mai kusan saba'in, mai auri-saki, ya ce sai ita. Ta ce ba ta so. Ta faɗa da bakinta cewa in aka tilasta mata za ta kashe shi ta kashe kanta. Ubanta ya riga ya ba da magana, ba zai yarda a ce 'ya ta mai da shi ƙaramin mutum ba, aka ɗaura. Bayan mako biyu ta cika abin da ta faɗa. Aka binne su biyun da duku-duku, ƙauye ya rufe bakinsa.

Nan ne Bahaushe mai karatu yake da wata fitila da Baturen da aka yi fassarar dominsa ba shi da ita. Sudan ƙasar Malikiyya ce, kamar Kano da Damagaram. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san inda aka ja layi: an ba uba ikon aurar da budurwarsa, amma bazawara ba a aurar da ita sai da yardarta, kuma sai ta furta. Husna bazawara ce, uwar 'ya'ya, ta kuma furta ƙin yarda a gaban shaidu. Ke nan auren nan ko a ma'aunin fiƙihun da ƙauyen ke bi bai tsaya ba. Kakan mai ba da labarin, Alhaji Ahmad, tsoho ne mai tasbaha da tsayuwar dare, aminin Wad Rayyis, bai tsaya mata ba. Mahjub, ɗan zamani mai jagorancin ƙungiyar manoma, shi ma bai tsaya mata ba. Shi kansa mai ba da labarin, da digirinsa na Ingila, wanda Mustafa ya bar wa amanar iyalinsa, ya koma bakin aikinsa a Khartum, yana can Husna ta nemi ya aure ta ko da suna ne kawai don ta tsira. Mai carbi da ɗan siyasa da ɗan boko duk wuri ɗaya suka tsaya. Mai karatun da ya rufe littafin yana cewa addini ne ya kashe Husna bai lura da cewa littafin shari'ar da ke cikin gafakar ƙauyen yana bayanta ba. Abin takaicin shi ne babu wanda ya buɗe shi.

Nawal Sa'adawi ba ta da sassaucin Mahfuz, ba ta kuma neme shi ba. Likita ce, ta gama karatu a Jami'ar Alƙahira a 1955, ta yi aiki a karkara, ta ga abin da ake yi wa 'yan mata da idonta. A littafinta na Firdausi, matar da ke jiran rataya a kurkukun Ƙanaɗir, wanda ya fito da Larabci a 1975, da Turanci a 1983, kawun yarinyar ɗalibin Azhar ne, kuma shi ne ya fara cin amanarta tun tana ƙarama. Shi da matarsa suka aurar da ita ga Shaihu Mahmud, tsoho ɗan sittin da wani abu, marowaci mai bin kwandon shara yana duba ko ta zubar da abinci, don kwaɗayin sadaki. Da ya doke ta ta gudu gidan kawun, aka gaya mata duk miji yana duka, har aka jingina abin ga addini, aka mai da ita a ranar.

Akwai wani tarko a nan da fassara ke ɗana wa wanda bai san ƙasar ba. Shaihu Mahmud ba malami ba ne. Tsohon ma'aikaci ne mai cin fansho. A Masar ana kiran dattijo shaihu, ana kiran shugaban masu gadi shaihu, kamar yadda a Kano ake ce wa direba da tela da mai shago malam. Mai karatu a Landan yana ganin kalmar sai ya hango rawani da mumbari, sai kowane mugun tsoho a littafin ya zama wakilin addini. Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan rami ba, don ya san ba kowane Malam ne ke da almajirai ba.

Wani littafin nata ya fi fito da tsarin fili. A ƙauyen Kafrul Ɗin akwai dagaci, ƙarƙashinsa mutum uku: Shaihu Zahran shugaban masu gadi, Alhaji Isma'il wanzami mai ba da magani, da Shaihu Hamzawi limamin masallaci. Dagaci ya ga 'yar talaka yana so, su ukun su san yadda za a kai ta gidansa aikatau, ko da tsoratarwa, ko da cewa umarni ne daga sama. Liman yana yi wa dagaci addu'a a huɗuba don ya san wanda ya ba shi limanci. Ran da ya yi abin kirki guda ɗaya, ya bar matarsa Fathiyya ta riƙe jaririn da aka yar a ƙofarsu, ran nan aka tuɓe shi aka naɗa wani. Ƙarshenta Zakiyya, manomiyar da aka cinye mata dangi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki fartanya ta gama da dagacin.

Sunan littafin da Larabci yana nufin mutuwar namiji tilo a doron ƙasa. Da Turanci, a 1985, ya fito da sunan God Dies by the Nile, take mai danganta mutuwa ga Wanda ba ya mutuwa, wanda Musulmi da yawa ba za su iya ko ɗaukar littafin daga kanta ba saboda shi. Ba mai fassara ne ya ƙaƙaba mata ba. Mijinta Sharif Hatata ne ya fassara, kuma ita da kanta ta ce wannan take ta so tun farko, masu bugawa na Larabci suka ƙi. Ana iya ganin ta yi kuskure a zaɓin, don ta rufe ƙofa a fuskar mutanen da labarin ya fi shafa. Amma abin da ke cikin littafin ba baƙo ba ne ga mai karanta Alƙur'ani: mutum ne a bakin Nilu ya ɗora kansa inda ba wurinsa ba, talakawa suna tsoronsa irin tsoron da bai kamaci kowa ba sai Mahalicci, fadawa da malamai suna tafa masa. An taɓa yin wani a bakin wannan kogi, sunansa Fir'auna.

Inda hannun kasuwa ya fito ƙarara shi ne a wani littafin nata da ba ƙagagge ba. Na Larabcin, na 1977, sunansa yana nufin fuskar macen Larabawa a buɗe. Na Turancin, na 1980, ya koma fuskar Hauwa'u a ɓoye. Wata malamar adabi Bafalasɗiniya, Amal Amireh, ta ajiye bugun biyu gefe da gefe a wani nazari da ta wallafa a 2000, ta nuna an rage sassan da ke magana a kan jari-hujja da nasarorin matan Larabawa, an ƙara fito da maganar kaciyar mata gaba. Marubuciyar da ke zargin mulkin mallaka da talauci da gidan sarauta da malaman fada gaba ɗaya, sai ta iso Turai a matsayin mai ba da shaida a kan Musulunci kaɗai. Ko Marilyn Booth, wadda ta fassara Banatur Riyad na Raja'a Assani'a, ta fito fili ta koka cewa an sauya mata aiki kafin a buga shi a 2007, an goge wasan harshe da yaren 'yan matan don ya yi wa mai saye sauƙi.

Kada wannan ya sa a ce ikon malamai tatsuniya ce da Turawa suka ƙirƙira. A Oktoban 1994 wani saurayi ya daɓa wa Mahfuz wuƙa a wuya a ƙofar gidansa, yana tsoho ɗan shekara 82, saboda Auladu Haratina, labarin da jaridar Al-Ahram ta buga kashi-kashi tun 1959, malamai suka yi ca a kansa. Ya rayu, amma hannunsa na dama bai ƙara komawa daidai ba. A 1995 kotu a Alƙahira ta raba auren malamin jami'a Nasr Hamid Abu Zaid da matarsa ba da son ɗayansu ba, bisa hukuncin ridda, suka yi hijira zuwa Holan. A 2001 wani lauya ya nemi a yi wa Nawal Sa'adawi haka, kotu ta kori ƙarar. Ba kuma rawani kaɗai ke yin wannan ba. Da Yusuf Zaidan ya fitar da Azazil a 2008, labarin wani rahibi a ƙarni na 5 wanda ya ga yadda gungun mabiya coci suka kashe malamar falsafa Haifeshiya a Iskandariyya a shekara ta 415, manyan cocin Kibɗawa ne suka fusata, har wani babban bishop ya rubuta littafin raddi. Inda duk aka ba mutum ikon cewa da yawun Ubangiji yake magana, akwai haɗarin ya fara jin muryarsa ita ce waccan.

Wadda ta fi cancanta a karanta a gidajen Hausawa, kuma aka fi mantawa da ita, ita ce Alifa Rif'at. An haife ta a 1930, ta rasu a 1996. Ba ta yi jami'a ba, da Larabci kaɗai take rubutu, ta yi aikin hajji, ta yi yawancin rayuwarta a garuruwan karkara inda ake tura mijinta ɗan sanda aiki. Mijin ya hana ta rubutu shekara da shekaru, ta bi. Gajerun labaranta da Johnson-Davies ya fassara suka fito a 1983 cike suke da kiran salla. Da shi matan cikinsu ke auna yini. A labarin da aka sa wa littafin sunansa, mace ce mijinta ke biyan bukatarsa ya juya ya yi barci, ta taɓa gwada gaya masa ya kunyata ta, ta haƙura. Ta tashi ta yi wanka, ta hangi hasumiya guda da dogayen gine-gine suka bar mata a taga, ta yi la'asar. Ta kawo masa kofi ta tarar ya cika. Ta aiki ɗanta ya kira likita, ta zauna ta zuba wa kanta kofin, tana mamakin yadda hankalinta yake kwance.

Alifa ba ta ce a jefar da addini ba. Ƙararta ita ce an ba maza haƙƙi an kuma ɗora musu nauyi, sun karɓe na farko sun ajiye na biyu: kyautatawa, adalci, tausayi, har da haƙƙin shimfiɗa da littattafan fiƙihu suka yi wa babi. Sallar matan nan ita ce kaɗai wurin da babu mai shiga tsakaninsu da kowa. Irin wannan murya tana da wuyar tallatawa a kasuwar da ke son ko dai mace mai tawaye ko mace abar tausayi, shi ya sa sunanta bai kai inda na Nawal ya kai ba. Amma mai karatun Balaraba Ramat Yakubu zai gane ta nan take. Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta don ya kawo amarya, ba da addini take rigima ba, da Alhajin take. Shi ma wannan littafi ya bi hanyar Turanci ya fita duniya, a fassarar Aliyu Kamal da wani kamfani na Indiya ya buga a 2012.

Sabbin marubuta sun faɗaɗa maganar ta wani gefen. A Sayyidatul Ƙamar na Jokha Alharsi 'yar Oman, wanda fassararsa ta ci kyautar Booker ta duniya a 2019, mutumin da ya fi kowa rauni namiji ne. Abdullahi ɗan attajiri Sulaiman ya girma, ya yi aure, yana hawa jirgin sama, amma har yanzu yana mafarkin ranar da ubansa ya ɗaure shi da igiyar kaba ya zura shi rijiya kai ƙasa don ya taɓa masa bindiga. Wadda ta rene shi baiwar gidan ce, Zarifa, a ƙasar da ba a soke bauta ba sai 1970. Sandar da ta sauka a kan mata da bayi ita ce ta sauka a kan magajin gidan.

Abin da ya rage shi ne hanyar da littattafan ke bi su iso. Hausa da Larabci sun yi ɗaruruwan shekaru suna cuɗanya. Sadaki, idda, waliyyi, liman, haram, halal, talaka, duk suna nan a bakin kowa ba sai an yi musu dogon bayani a ƙasan shafi ba. Tun 1924 aka buga Dare Dubu da Ɗaya da Hausa, Abubakar Imam kuma ya ɗebo daga wannan rijiya a Magana Jari Ce. Duk da haka ɗan Katsina da ke son sanin Amina ko Husna yakan bi ta Landan ko New York, ya karɓi labarin bayan an tace shi don wani kunne daban, da bango mai hoton mace a lulluɓe. Alhali sassan Larabci na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye ɗalibai kowace shekara, ga waɗanda suka dawo daga Azhar da Khartum da Madina.

Wanda ya ɗauki aikin a cikinsu zai ci karo da wahala tun kafin ya yi nisa, kuma ba a wajen ayoyi ko hukunce-hukunce ba. A littafin Ɗayyib Salih akwai wata tsohuwa, Bint Majzub, mai shan taba, mai rantsuwa da saki kamar namiji, wadda ke zama cikin dattawa a ɗakin Alhaji Ahmad suna hirar shimfiɗa ba sakaye, tasbaha na hannun mai ɗakin. A wannan zama ne Wad Rayyis yake baje kolin sha'awarsa ana dariya, kuma daga bakin wannan tsohuwa ce kaɗai mai ba da labarin ya ji abin da ya faru a daren da Husna ta mutu, don duk mazan ƙauyen sun ƙi faɗa. Mai fassara zuwa Hausa zai so ya tsallake hirar saboda kunya, ko saboda tsoron masu tace littattafai a Kano. In ya tsallake ta, ya cire shaida guda ɗaya da Husna take da ita a ƙauyen.